Kwana Uku a Gidan Makoki

Sista Jere ta sake ɗaura abin awon jini a hannun Bana Kasonde, ta tsaya tana kallon lambar.

"Ke mai cin biri, me kika yi wa kanki? Ɗari biyu da ashirin fa."

"Ku masu cin ɓera ina kuka ga jinin da zai hau?" in ji Bana Kasonde. Ita 'yar ƙabilar Bemba ce, nas ɗin kuma 'yar Ngoni, ƙabilun biyu abokan wasa ne tun kakanni.

Kwananta uku a gidan makokin yayanta tana tuƙa nshima, tuwon masara. Maganin hawan jininta yana gida a kan kabad, kuma ƙanwar mamaci ba ta barin gidan makoki, me mutane za su ce? Da kanta ya fara sarawa sai matan coci suka riƙa kwanto mata ƙwayar ciwon jiki daga bakin zane, biyu safe biyu yamma. Yau ƙafafunta suka kumbura, takalminta ya ƙi shiga, aka kawo ta asibiti.

"Fitsari fa?" in ji Sista Jere.

"Ɗan kaɗan. Kamar baƙin shayi."

Sista Jere ta fita, ta jima, ta dawo da takardar gwaji. Ba ta tsokane ta ba. Gefen gadon ta zauna.

"Mama, ƙarfin jinin ya ji wa ƙodarki ciwo, ta kumbura. Ƙwayoyin nan sun ƙara mata. Likita ya ce a ba ki gado."

"Ki yi min allura in tafi. Ƙarfe biyu za a sa yayana a ƙasa."

"Ba a sauke hawan jini lokaci ɗaya, sai a hankali. In kin kwanta yau, ƙila ƙodar ta dawo. In kin tafi, ƙila injin wankin ƙoda ne har ƙarshen rayuwa."

"Shi ya raine ni, Sista."

"Ai a al'ada mu Ngoni ke binne ku Bemba. Namu suna can, za su binne shi da kyau." Ta gyara mata filo. "Ke ce dai ban shirya binnewa ba."

Bana Kasonde ta daɗe tana kallon ƙafafunta. Sannan ta kira 'yarta a waya.

"Chileshe, in an kira ƙannen mamaci, ke za ki tashi ki ajiye furen a kabarin a madadina. Ki tsaya da kyau."

Ta kife wayar a cinya, ta miƙa wa Sista Jere hannu a fara magani.