Mai Kwanci a Kejin Tela

Tela na jijjiga jaririyarsa a kafaɗa, ƙafarsa ɗaya kan keken ɗinki, sai ga yayansa ya faɗo shagon ko sallamar kirki babu.

"Yau matarka za ta ajiye aikin asibitin nan," in ji Yaya. "Mun zauna da Baba. Namiji da raino, mace a waje? Ka mai da mu abin dariya."

Ran tela ya ɓaci ƙwarai. Shi ya san wuyar da matarsa ta sha kafin ta samu aikin jinyar, kuma shi da bakinsa ya ce mata je ki, ɗinki ba ya hana raino.

Yaya ya juya wajen keji biyu da ke bakin taga. Tun suna yara suke kama waɗannan 'yan tsuntsaye masu kama da salwa, tela kuwa har yau yana kiwonsu. Na kejin dama masu baƙin baya ne, 'yan fadama. Na hagu sun fi haske, idonsu fari-fari, a busasshiyar ciyawa ake samunsu. Wanda bai saba ba sai ya rantse uwa ɗaya uba ɗaya ne.

"Dubi," Yaya ya nuna wadda ta lafe kan ƙwai a kejin dama. "Ko tsuntsuwa ta san wurin zamanta."

"Namiji ne, Yaya."

"Kai, tafi can!"

"Wallahi. Ga macen can, ƙatuwar, mai kumbura wuya. Ita dai ta saka ƙwai ta kama gabanta."

Yaya ya ƙura ido. Shi kamawa da gasawa kawai ya sani, bai taɓa jira ya ga sun yi ƙwai ba.

"To, 'yan fadama ne, dama ba tarbiyya gare su ba. Masu farin idon fa?"

Tela ya ɗaga ciyawar kejin hagu. Ga ɗan namijin ya baza fikafikai, 'yan tsaki na leƙowa.

"Launi da wurin kwana ne suka raba su. Raino duk na uba ne."

"Kai tsuntsu ne?"

"A'a. Amma 'yata ce, matata ce. Ka gai da Baba, ka ce na ce ba za ta ajiye ba."

Jaririyar ta ɓarke da kuka.

"Riƙe min ita in haɗa madara."

Yaya ya karɓa kafin ya tuna abin da ya kawo shi. Ta cafki gemunsa, ta yi shiru. Masu wucewa na kallo, ga shi tsaye a ƙofar shago yana jijjiga.