Gidan Inna a Kan Tebur

Tijjani kafinta ne ya riga kowa a ƙauyensu sanin cewa za a rushe gidan mahaifiyarsa, kuma a kan tebur ya gani, cikin ofishin manaja.

A shekarun nan masaƙu sai rufewa suke yi a Sharada da Bompai. Wuta ba ta zama, injina sun yi tsit, magidanta sun cika bakin titi ba aikin yi. Kamfanin robobin da Tijjani yake wa aiki a Challawa yana cikin 'yan kaɗan da suka rage da rai, don haka kowa a ciki ya kama kansa. Ana nan sai manaja, Alhaji Shu'aibu, ya dawo daga tafiya da wani ɗan jirgin ƙasa na wasa, da taragunsa da layinsa. Ya kira Tijjani ya ce ya haɗa masa babban tebur, ya ɗora kamfanin a kai da duk abin da ke kewaye da shi, wasu manyan baƙi za su zo gani.

Tijjani kuwa mutum ne da in ka ce ya gyara maka ƙafar kujera, sai ya dawo maka da ita har da fenti. Ya rina garin katako kore ya barbaɗa a kan gam, ya zama ciyawa. Ya yayyaga soso ya ɗaura a murɗaɗɗiyar waya, suka zama itatuwa. Ya farke gwangwanin madara ya yi rufin kwano, har da tsatsa, wai shi bai taɓa ganin kwanon da ba tsatsa ba. Da ya gama katangar kamfani bai tsaya ba, tunda duk abin da ke kewaye aka ce. Ya tsallaka baya ya kafa ƙauyensu: masallaci, rijiya, turken awaki, lungun mai ƙosai. Gidan mahaifiyarsa, Inna Indo, ya fi cin lokacinsa. Ya yi masa zaure da rumbu, da 'yar tsamiyar da ke tsakar gida, ya shafa masa gam mai yawa don kada ya motsa. A ransa wasan masu hali ne kawai, shi kuma ya ji daɗin a ga garinsu a ciki.

Ranar da aka gama, Alhaji Shu'aibu ya zagaya teburin yana ta sa albarka. Sannan ya naɗe hannun riga ya fara shimfiɗa layin da kansa. Ya fito da shi ta bayan kamfani, ya miƙe da shi sak, har ƙarshen ƙarfen ya tokare da zauren Inna.

Tijjani ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, an ɗan yi kuskure. Ai layin dogo can nesa yake, ba ya bi ta nan."

Manaja ya ɗago ya dube shi. "Malam Tijjani, su baƙin nan ba abin da ke nan za su zo gani ba, abin da za a yi za su gani. Layi zai shigo har bakin sito. An riga an gama magana a sama. Cire min waɗannan gidajen."

"Waɗannan... ai da mutane a ciki, ranka ya daɗe."

"Za a san yadda za a yi da su. Maganar dai ta tsaya a ɗakin nan. Ka san yadda gari yake."

Ya sani sarai. Yana da mata da 'ya'ya biyar, kuma kullum da safe yana ratsa masu neman aiki a bakin get. Ya zaro wuƙa. Masallaci ya fita salin alin, rijiya ma haka. Gidan Inna ya ƙi. Gam ɗin da ya zuba ya kama ƙam, sai da ya danna da ƙarfi zauren ya tsage biyu a hannunsa. Manaja ya haɗa layin ya danna maɓalli, ɗan jirgin ya wuce ta wurin sumul, har da 'yar ƙararsa.

Da la'asar ya nufi ƙauye da niyyar faɗa mata, ko da zai rasa aikin. Duk hanya yana shirya yadda zai fara. Ya tarar da ita a ƙofar gida, zani ɗaure a ƙugu, ta sa an kwaɓa ƙasa da ciyawa. Damina ta kusa, kuma bangon zaure ya zaizaye.

"Yauwa Auta, Allah ya kawo ka," in ji ta. "Masu yaɓen nan na yanzu shafa kawai suke yi. Hau ka yi min da hannunka."

"Inna..."

"Mene ne? Ka yi wani iri. Ko an sallame ku ne?"

Ya ga yadda tsoro ya cika mata ido, tsoron kada jikokinta su kwana da yunwa. Sai ya fasa faɗa mata.

"A'a, Inna. Aiki lafiya lau."

"To alhamdu lillahi." Ta sauke ajiyar zuciya, ta dafa bangon. "Ka yaɓa shi da kauri, ka ji? Ta ƙofar nan aka fita da babanku, ni ma ta nan nake so a fita da ni."

Tijjani bai taɓa jin ya tsani kansa irin na wannan rana ba. Ya cire takalmi, ya hau tsani, ya miƙo hannu. Ita kuma ta dinga cura ƙasar tana miƙa masa, tana cewa ya ƙara, ya ƙara.