Kafinta Ya Zo Ba Guduma

Kafinta ya haura shekara arba'in bai gama sakandare ba. A ajin ƙarshe ya tsaya. Ranar jarrabawa, yana saurayi, ya je har bakin ƙofar aji, ƙirjinsa ya hau duka, numfashi ya ƙi fita, ya juya ya koma gida. Ubansa bai yi dogon surutu ba, ya miƙa masa zarto. Shi ke nan.

Sana'a ta karɓe shi, ya yi aure, ya tara iyali. Amma abin bai sake shi ba. Sai ya yi watanni garau, wata safiya kuma ya kasa tashi. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Shago a rufe, aikin mutane a jibge, shi yana kwance fuskarsa na kallon bango. Matarsa ta gaji da ce wa jama'a ya yi tafiya, ta ja shi asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani, ya tambaye shi me ya fi tsaya masa a rai. Ya ce ba komai. Sai a hanyar gida ya faɗa wa matar, ƙofar ajin nan ce.

"To ka koma ka shiga mana, Baban yara," in ji ta. "Ƙofa dai ku kuke yin ta."

Ya shiga ajin manya na yamma, ya jure, har aka kai ga jarrabawa. Da sunaye suka fito, sai ga shi an tura shi makarantar da ya daɗe yana gyara wa benci. Kowa a can ya san shi, amma da guduma a hannu.

Ran nan ya yi wanka, ya sa farar riga, ya soka katin jarrabawa da biro a aljihu. Tun daga kwanar makarantar tafin hannunsa ya jiƙe. Yara sun yi layi a bakin ƙofa, duk sa'o'in 'yarsa ta fari. Maigadi, wani dattijo mai yawan zolaya, ya hango shi.

"A'a, Kafinta. Yau kuma ango aka zama? Wa ya kira ka ranar jarrabawa?"

Kafin Kafinta ya amsa, dattijon ya ci gaba.

"Ba laifi, tunda ka zo. Zagaya baya, bencina sun taru a ɗakin ajiya, yaran nan kamar awaki suke hawa. Ina kayan aikin?"

"Na baro su, Baba."

"Kafinta ba guduma. Tsufa ya fara ke nan. Duba bayan ƙofa, akwai wata tsohuwar guduma da gwangwanin ƙusa."

Gaskiyar magana, daɗi ya ji. Bai yi ƙarya ba, bai gudu ba, tura shi aka yi. Ya bi bayan azuzuwa ya shige ɗakin ajiya. Bencina ne birjik, wasu ba ƙafa, wasu sun tsage. Ya jawo ɗaya, ya kifa shi, ya zare lanƙwasassun ƙusoshi, ya miƙe su a kan siminti. Yana kama gudumar, rawar da hannunsa ke yi tun safe ta tsaya.

Aka kaɗa ƙararrawa. Hayaniyar yara ta mutu. Ya ci gaba da bugu, yana shirya abin da zai ce a gida: an samu kuskure, sai baɗi. Matar ba za ta yi faɗa ba, ya sani. Za ta ce Allah ya kai mu, ta ɗauke kai. Shi kuma ya san inda zai ƙare, gadon nan da bangon nan, kuma wannan karon bai san ranar tashi ba.

Inuwa ta tare ƙofa. Wata malama ce mai kula da jarrabawa, baƙuwa, ba ta san shi ba.

"Bawan Allah, wane irin buge-buge ne wannan? Yara na rubutu. Ka tattara ka dawo gobe."

"To, Malama."

Ta juya. Ga hanya ta sake buɗewa, har da izini. Ya ajiye gudumar, hannun ya koma rawa nan take. Ya dube shi. Ashe ko ya tafi ko ya tsaya, rawar tana nan.

"Malama."

Ta waiwayo.

"Ni ma ina cikin masu rubutawa."

Muryar ta fito siririya, kamar ba tasa ba. Ya zaro katin, ya jiƙe da gumi, ya miƙa. Ta dubi hoton, ta dube shi, ta dubi bencin da ke kife.

"Kai ne mai kujerar nan da ba kowa a layin taga. To me kake yi a nan?"

"Tsoro nake ji."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma lallashe shi ba. Ta duba agogo.

"Saura kaɗan in rufe ƙofa. Kakkaɓe rigarka, Baba, mu je."

Suka bi baranda, tana gaba yana baya. Maigadi ya hango su daga nesa, ya ɗaga murya: "Wani benci ne ya karye a ciki?"

"Rubutu zan yi, Baba," in ji Kafinta. Suka wuce.

A bakin ƙofar ajin ƙirjinsa ya dawo da dukan, sak irin na da. Bai jira ya lafa ba, don ya gane ba lafawa zai yi ba. Ya shiga da shi. Kawuna suka ɗago, wata yarinya ta fara miƙewa, ta zaci babban jami'i ne ya zo dubawa, malamar ta yi mata alama ta zauna.

Kujerar ta yi masa kaɗan, gwiwoyinsa na dukan teburin. Ya rubuta sunansa, haruffan a karkace. Tambayar farko bai gane ta ba sam. Ya share hannu a wando, ya tsallake zuwa ta biyu.