Wankan Duna

Yayana Malam Nu'uman mutum ne mai tsafta har ta yi masa yawa. Ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya sauka a kan tabarmarsa. Shi ke karantar da manya a zauren unguwarmu bayan la'asar, kuma shi ne mai Duna, baƙin karen da ke hana birai cinye masarar da yake nomawa a gindin dutse, can bayan Doguwa. Sun yi shekaru tare, amma hannun Yaya bai taɓa sauka a kan karen nan ba. Ko tuwo daga tsaye yake sako masa a kasko. Son sa kuwa yana yi ba kaɗan ba. Na sha kama shi a gona yana yi wa Duna hirar da ba ya yi wa matarsa Laraba.

Da daminar bara Duna ya kama zawo, irin mai kumfa da majina, ga wari mai sa mutum ya bar aiki ya tafi gida. Ya rame har haƙarƙarinsa suka fito fili. Birai ba su ɓata lokaci ba, suka dawo suna zama a kan dutse suna ɓare masara a gabansa kamar gonar ubansu ce.

Da yake ni ne ƙani, kuma ni ne mai babur, a kaina aikin ya faɗa. Na sa Duna a kwando na ɗaure a baya, Yaya kuwa ya bi motar haya, wai kada mu yi wa babur nauyi. A Tudun Wada muka sami likitar dabbobi, Dakta Zulaihat. Ta duba kashin a madubin gwaji, ta ce wata ƙwayar cuta ce mai suna giyadiya, mai zama a hanji. Tana fitowa da kashi, ta manne a gashin gindin wutsiya, ta zauna a danshin ƙasa da ruwan kududdufi, kare ya lashe ta ya mayar ciki. Ta ba da magani, ta ce shi kaɗai ba ya isa. Sai an kwashe kashin kullum, an ƙona kaskon da tafasasshen ruwa, an ba shi ruwa mai kyau, ranar da maganin zai ƙare kuma a yi masa wanka da sabulu tun daga kai har wutsiya. Yaya ya yi ta gyaɗa kai yana cewa madalla, kamar yadda yake yi wa ɗalibin da ya kawo karatu daidai.

Magani dai an ba da shi, a cikin lomar tuwo, daga nesa. Duna ya miƙe, ya kori birai, Yaya ya ce ai dama ya san abin ba mai tsawo ba ne. Da na tambaye shi zancen wanka sai ya ce ruwan sama ya doki karen sosai a makon nan, kuma babu ruwan da ya fi shi tsarki.

Ba a jima ba zawo ya dawo. Yaya ya ce maganin jabu ne. Muka sake komawa, aka sake bayarwa, Duna ya warke, ya kuma sake kwantawa. A wannan karon laifin ya koma kan bakin mutane, don an cika yaba masarar. Ya gwada sa Laraba ta yi wankan, ta ce ita mutum aka aura mata. Ya kalle ni, na kalli sama. Ni ma ban ce ina iyawa ba, amma ni ban ajiye kare ba.

Wata safiya na iske shi a gona yana wanke kaskon, na tsaya ina kallo, don abin kallo ne. Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna, yana yi a natse kamar yadda ake wanke ƙwaryar da kare ya sa wa baki, sau bakwai, na farko da ƙasa. Ƙasar kuwa daga gindin turken Duna yake ɗebo ta, wai ta nan ta fi laushi. To ina za ta ƙi laushi, tunda nan maras lafiyar ke zazzage cikinsa? Ruwan kuma na kududdufi ne, don gugan rijiya ba ya kusantar kayan kare. Ya gama ya ɗaga kaskon yana dubawa cike da gamsuwa, ya ce mini babu likitar da za ta koya masa wanke kwano.

Ni na kai ƙararsa a zuwanmu na gaba. Dakta Zulaihat ta saurara har na gama, sannan ta juya wurinsa da ladabi.

"Malam, wankin da kake yi ba ni da ta cewa a kansa, ka fi ni sanin wannan. Amma ƙwayar nan ba ta iya ƙirge ba, ruwan zafi kawai ta sani. Kai kuma da hannunka kake ɗebo ta kana shafa masa a kasko."

Yaya ya yi gyaran murya, ya ce to za a gyara. Ta ce saura wanka.

"Likita, shi wankan nan babu na allura?"

Ba ta yi dariya ba, ni ne na fita waje na yi tawa. Da na dawo na ji tana gaya masa cewa karen ya yi rauni ƙwarai, in aka ci gaba a haka wata rana ba zai tashi ba. Ko ya wanke shi, ko ya nemi wanda zai iya.

Na yi zaton a ranar zai ce a ɗora tukunya. Na ga yadda ya tsaya a kan kwandon yana kallon Duna, na ga hannunsa ya ɗan motsa. Sai ya tuna cewa gonar a bakin hanya take, kuma rabin masu wucewa ɗalibansa ne. Haka muka ƙare a ƙofar Ɗanmaraya, wani maharbi da ke ƙauyen gaba da namu, wanda karnukansa ke kwana a bakin ɗakinsa. Yaya ya yi masa dogon bayani cewa ba kyauta ba ce, jinya ce kawai. Ɗanmaraya ya sunkuya ya ɗauki Duna a ƙirji ya shige da shi.

Birai suka yi mana girbin rabin gonar, muka yi na sauran. Bayan an kai amfani gida Yaya ya ce lokaci ya yi da za a karɓo amana. Ya sa farar babbar riga mai sitaci, don a san wanda ya zo, muka hau babur.

Da ƙyar na gane Duna. Ya cika, gashinsa yana sheƙi, yana kwance a inuwar darbejiya. Ɗanmaraya ya ce shi ba ya riƙe kayan kowa, amma kare ba buhu ba ne, a kira shi a gani. Ya kwance igiyar da ke wuyansa.

Yaya ya kira sau ɗaya. Duna ya zabura, ya taho a guje yana kaɗa wutsiya har da ƙugu, yana wani kuka ƙasa-ƙasa, ya ɗaga ƙafafun gaba zai dafa shi. Kafin in ƙifta ido Yaya ya tattare riga ya yi baya, ya daka masa tsawa.

Duna ya tsaya cak. Ya dube shi na ɗan lokaci, wutsiyar ta sauka a hankali, ya juya ya koma ya ɗora haɓa a kan ƙafar Ɗanmaraya. Yaya ya sake kira, ya ƙara, har ya tsuguna ya miƙa hannu, rigar tana jan ƙasa. Karen ya lumshe ido kawai. Haushi ya kama ni, tausayi ma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi, sai na je na tada babur.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka zo daidai gonar ya matso kusa da kunnena.

"Lawal, ni ya fara nufa. Ka dai gani."

Na ce na gani. Sai na ji goshinsa a bayana, rigata tana jiƙewa, kuma damina ta riga ta wuce.