Mai Kifi a Baki

Wai kallon lundi za a zo. Abin da Herborg ta faɗa wa mahaifinta ke nan a waya, Sakaris kuwa sai da ya kife wayar sannan ya ja tsaki. Yarinyar da aka yaye da romon lundi, ɗan tsuntsun tekun nan, ta tashi tana figar gashinsa har yatsunta suka yi kanta, ita ce yau za ta hau jirgin ruwa tun daga birnin Torshavn don ta kalli tsuntsu? Ya san abin da za a zo kallo, shi ne. Tun da wata maƙwabciya mai bakin tsiya ta tsegunta mata cewa ya wuce ta a hanya bai gane ta ba, Herborg take ta kewaye-kewaye a kan wani ɗaki da aka samu a gidan tsofaffi na birni, wai mai ɗumi, wai mai taga. In ta tabbatar idonsa ya tafi, to shi da tsibirin nan sai a mafarki, ya bar tumakinsa, ya bar kabarin matarsa.

Idon kuwa ya tafi, ko a ce rabinsa. Duk abin da ya kalla kai tsaye shi ne ba ya gani, sai wani baƙin tabo a tsakiya. Ta gefe kawai yake tsinkayar motsi da inuwa. Amma wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Gidansa ya haddace, hanyar dutse tana cikin tafin ƙafarsa, baƙin kuma da yamma za su koma.

Jirgi ya sauke su da hantsi: Herborg, da mijinta Mogens ɗan Denmark, da uwar mijin, Gitte. Tun daga nesa Sakaris ya ji su, don rigunansu na leda sai ƙara suke yi, ga sanduna bibbiyu a hannun kowa, mutane da ƙafafunsu lafiya lau. Mogens ya rungume shi yana bubbuga masa baya, ya kira sunansa gatsal, kamar tare aka yi musu baftisma. Sakaris ya daɗe da yanke hukunci a kan surukin nan nasa. Mutum ne mai taushin hannu da yawan haƙora, wanda bai taɓa kashe abin da ya ci ba.

A tebur ya yanka musu busasshen naman tunkiya da dankali. Gitte ta kai yanka ɗaya kusa da hanci, ta mayar da shi faranti a hankali. Ta ciro wata 'yar tsanar lundi da ta saya a kanti, ta ajiye kusa da kofinta tana shafa mata kai.

"Amma dai ba da gaske kuke cin su ba ko?" in ji ta. "Wannan 'yar fuska mai ban tausayi?"

"A'a, baiwar Allah, sumbatar su muke yi mu ƙoshi."

"Baba," in ji Herborg.

"To tambaya ta yi. Ana cusa masa kwaɓin fulawa da zabibi a ciki, a dafa. Biyu sun ishi namiji. Ɗanki dai sai an ba shi huɗu, saboda surutu yana cin abinci."

Mogens ya ƙyalƙyale da dariya, don shi ko zaginsa aka yi ɗauka yake al'ada ce. Herborg ba ta yi dariya ba. Sakaris yana jin idonta a kansa, yana bin hannunsa daga wuƙa zuwa buta, daga buta zuwa kofi. Ya zuba kofin bai ɗiga ko ɗigo ba, ya dire butar da ƙarfi don ta ji.

Mogens ne ya hango sandar a rataye a rufin zaure, doguwar sandar kamun lundi mai raga a kai, wadda ta fi tsawon mutum biyu. Ya nace sai an tafi da ita, wai za ta yi kyau a hoto. Sakaris ya sauke ta ya saɓa a kafaɗa. Shekaru ke nan rabon da ta ga sama, tun da tsuntsayen suka ragu mutanen ƙauye suka haɗu suka ce a dakata da kamu.

Shi ya shige gaba. Ƙafarsa ta san kowane dutse mai santsi, ta san inda hanya take matsewa teku yana huci a ƙasa. A bayansa ana ta haki da ƙarar leda. Gitte ta tsaya ta ɗauki hoton tunkiya, ta tsaya ta ɗauki hoton wata tunkiyar. Bai juya ba, bai rage sauri ba, kuma ransa ya yi fari da ya ji Herborg tana cewa, "Baba, a hankali mana, ka bar mu a baya."

Wari ne ya fara gaya masa an iso, sannan kaɗawar fukafukai, sannan gurnanin da ke fitowa daga ramuka a ƙarƙashin ciyawa. Gangaren ya cika da sauran baƙin da jirgi ya zubo. Ta gefen ido yake ganin su, ja da rawaya da shuɗi, manya-manyan mutane kwance rubda ciki a kan kashin tsuntsu, suna rarrafe, suna yi wa lundi magana da muryar da ake yi wa jariri. Kaico. A wannan gangaren kakansa ya faɗa teku yana neman abin da yara za su ci da hunturu. Da can in garken ya tashi rana dushewa take yi. Yanzu ga ɗan abin da ya rage, ga kuma masu kuka don daɗi wai sun ga tsuntsu da yawa.

Ba wanda ya cancanci a gaya masa komai a cikinsu, shi ya sa Sakaris bai gaya musu ba. Bai ce musu kamu yana da doka ba, dokar da ba a rubuta ko'ina ba: ba a taɓa tsuntsu mai kifi a baki. Wanda ya ɗauko kifi ɗa gare shi a rami yana jira, in ka kama shi ka kashe biyu. Ita ce magana ta farko da ya koya wa Herborg ranar da ya fara zaunar da ita a gefensa. Mutum ɗaya ne a ƙauyen ya taɓa karya ta a gabansa, Danjal, wani malalaci mai gaggawa. Sakaris ya laƙaba masa suna Mai-marayu a bainar jama'a a ƙofar coci, sunan kuwa ya bi shi, ya bi 'ya'yansa har makaranta. Yanzu Danjal yana can gidan tsofaffin da ake yi wa Sakaris tallansa, ana ɗura masa kunu da cokali, kuma a ganin Sakaris wurin ya dace da shi.

"Sakaris, tsaya nan ka ɗaga ta," in ji Mogens. "Ba sai ka yi komai ba. A shekarunka riƙe ta ma ai ƙoƙari ne."

"A shekaruna?"

"Yabo ne fa! Babana ko tsintsiya ba ya iya ɗagawa."

"Na yarda. Na ga abin da ya haifa."

"Baba, ajiye ta haka nan," in ji Herborg. "Akwai iska. Zo ka zauna ka huta."

Ba maganar ce ta ƙona shi ba, muryar ce. Irin muryar nan mai laushi da ake yi wa marar lafiya, wadda su Gitte suke yi wa tsuntsu. Ya gangara zuwa mazaunin gidansu, wani lungu tsakanin duwatsu a bakin gaɓa inda ubansa ya zauna, kakansa ya zauna, har dutsen ya yi sulɓi. Ya kwantar da sandar a kan ciyawa, ragar tana leƙen teku, ya duƙa.

Iska tana bugun kuncinsa na dama, ke nan ta hagu za su zo. Ya kawar da fuska gefe don ya ba gefen idonsa hanya. Inuwa ta wuce, ta yi nisa. Wata ta wuce, ta yi sama da yawa. Ta uku ta taho ƙasa-ƙasa, kai tsaye, ba ta kewaya tare da sauran ba. Hannuwansa ba su nemi shawararsa ba. Sandar ta tashi ta bayan tsuntsun, ragar ta buɗe, sai ya ji nauyin nan da ya yi shekaru yana kewa ya faɗo ciki tim.

Gangaren ya ɗauki ihu da tafi. Sakaris ya jawo sandar, ya zura hannu ya kamo tsuntsun ta baya, ya warware ƙafafunsa daga zare. Tsuntsun ya cije shi a babban yatsa, cizo mai kyau har da jini, shi kuwa daɗi ya ji har cikin ƙashinsa. Ya ɗaga shi sama don 'yan kallo su more kuɗin jirginsu, sannan ya wurga shi cikin iska ya tafi.

Ya miƙe yana tsotsar yatsa. Su yi ta tafi, ba su san abin da suka gani ba, da biri ne ya yi rawa haka za su tafa. Mutum ɗaya yake so ta gani, ta kuma gani. Ya juya wajen da jar rigarta take, ya yi magana da harshensu na tsibiri don kada baƙi su tsoma baki.

"To, uwar masu gida, yaya? A ba wani ɗakin mai taga, ko har yanzu da saura?"

Herborg ba ta amsa ba. Ya ɗauka kunya ce ta kama ta, har ya fara shirya yadda zai yafe mata.

Sai ga Gitte da gudu, leda tana ƙara, ta tura masa na'urar hoto a fuska. "Duba! Duba abin da na samu! Daidai lokacin da zai shiga ragar!"

Ya kalla, ya ga baƙin tabonsa. "Ya yi kyau," ya ce.

"Kyau kawai? Dubi bakinsa mana! 'Yan kifi a jere reras, suna ta walƙiya. Tun safe nake neman mai kifi ban samu ba, sai ga shi ka kamo mini. Mogens, zo ka gani, har ƙwayar idonsu ta fito!"

Sakaris ya koma ya zauna a kan dutsen, ya sa tafin hannu yana shafa ciyawar da ke gefen ragar. Bai yi nisa ba ya taɓa su, ƙanana, masu sanyi da santsi, a warwatse. Wani wuri a ƙarƙashin gangaren nan akwai ɗan tsuntsu da ya buɗe baki a duhu, uban kuma ya tsorata, Allah kaɗai ya san yaushe zai yarda ya sake sauka.

Herborg ta tsuguna kusa da shi. Da ta yi magana ba da muryar marar lafiya ta yi ba, da tata ta yi, kuma hakan ya fi zafi.

"Tun daga kan ruwa na hango shi, Baba. Baki cike. Na ce a raina yanzu za ka bar shi ya wuce."

Ya buɗe baki zai ce rana ce ta haske masa ido. Babu rana, tun safe gajimare ne. Ya rufe bakinsa.

"Sake ɗaya, Sakaris!" Mogens ya ƙwala daga sama. "Mama ba ta samu bidiyo ba!"

Sakaris ya tashi, ya ɗauki sandar, ya hau ya danƙa wa surukinsa ita a ƙirji. "Riƙe. Ka kai gidanka ka rataya a bango, ka ce wa abokanka kai ka kama tsuntsu da ita." Mogens ya yi ta godiya.

A hanyar komawa, inda dutse yake matsewa, ya ji hannun Herborg ya kama gwiwar hannunsa. Da da safe ne, da ya fizge. Suka yi tafiya mai tsawo, baƙin suna baya suna gardamar yadda za a shigar da sanda jirgin ruwa.

"Danjal yana nan da rai?" ya tambaya.

"Yana nan. Ɗakinsa yana kallon wanda na gaya maka."

Ya taka dutse ɗaya, ya taka na biyu.

"Har yanzu da sunan nan ake kiransa?"

"Da shi, Baba," in ji Herborg. "Ma'aikatan wurin ma sun ɗauka shi iyayensa suka raɗa masa."