Hular Alhaji Ci-Kaɗai

Daren jiya mafarki ya jefa ni wani gari inda kowa ya san ni. A fim ɗinmu na bara ni na fito a Alhaji Ci-Kaɗai, attajirin da ke danna sakata in zai ci abinci, har ranar da ya faɗa rijiya ya rasa mai miƙo masa igiya. To, ina shiga garin sai na tarar kowa ya kafa jar hula irin tawa, ya karkace ta hagu yadda nake yi. Maza, mata, har jakuna. Wallahi daɗi ya kashe ni, na dinga ɗaga hannu kamar ango.

Sai ga ni a ƙofar gidan kallo. Wata akuya ke karɓar tikiti, tana tuƙa.

"Ranka ya daɗe, kai ka wayar mana da kai," in ji ta. "Yanzu ko jariri sai ya juya wa uwarsa baya yake shan nono."

"Kun kalli ƙarshen fim ɗin kuwa?"

"Na cinye shi. Ba gishiri."

Kafin in yi magana an ɗaga ni a kafaɗa, ana kiɗa, ana rera kalmata ta cikin fim: "Cikina tukuna!" Ruwan sama yana ɓulɓulowa daga ƙasa yana tafiya sama, yana jiƙa mu ta ƙafar wando. Har da ni a amshi.

Sai kawai na gan ni a ƙasan rijiya. Ruwa yana hawa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Bakin rijiyar ya cika da jajayen huluna, a tsakiyarsu ga 'yata Hansatu, riƙe da igiyar guga.

"Hansatu, jefo igiyar! 'Yan nan, nan ne fa wurin da ba ku gani ba a fim ɗin!"

Ta gyara hula, ta ɗauko muryata tsaf. "Cikina tukuna, Baba!"

Gari ya ɗauki tafi da guɗa. Tsoro ya kama ni sosai, ruwa ya taɓa haɓata.

Ƙarar sakata ce ta tashe ni. Gari ya waye. Hansatu ta shige ɗaki da kwanon ƙosai ta kulle, ƙaninta yana dukan ƙofa yana kuka. Daga ciki na jiyo muryata, tana fita ta bakinta, tana dariya.