Takalmin Hajiya Kabira

A duk layin Mansur babu mai ƙafa irin ta Hajiya Kabira mai suyar kifi. Tun tana budurwa a Kano masu sayar da takalmin mata ke duban ƙafarta su ba ta haƙuri, da ta zo Makka ma ba ta sauya zani ba. Silifas ɗin maza take sawa. Abin yana ci mata rai, ba ta dai faɗa.

Wata damuwar ta fi wannan. Kifin da Mukhtaru direba ke kawo wa matan layin daga gaɓar tekun Shu'aiba kullum ƙara ƙanƙancewa yake yi. Kifin najil ɗin da a da sai an sa hannu biyu a ɗaga shi, yanzu ya koma kamar ludayi. Masunta sun aiko da saƙo ta bakin Mukhtaru: teku ta gaji, ana kwashe ƙanana tun ba su yi ƙwai ba, amma muddin ana saye su kam ba za su daina kamawa ba. Kabira ta tsorata ƙwarai, don kaskon suyar nan shi ne kaɗai abin da za ta bar wa 'yarta Tahani.

Ta tara masu suya a gidan Nasiha, maƙwabciyarta a sana'a, aka yarda a daina sayen ƙanana. Wajen ma'auni aka watse da gardama. Wannan ta ce taƙin hannu, waccan ta ce hannun wa? Har Kabira ta ƙufula, ta zare silifas ta buga a kan tire.

"Halas, shi ke nan! Kifin da bai kai wannan ba, ya koma inda ya fito."

Aka yi dariya har da riƙe ciki, aka kuma amince: duk ranar da mota ta zo, takalmin da ke ƙafar Kabira shi ne alƙali.

Haka aka soma. Kowace safiya tana tsaye bakin mota da ƙafa ɗaya a ƙasa, tana gwadawa tana turewa. Kifi ya yi ƙaranci, masu saye suna juyawa, sai ga matan layin sun kamu da wata irin ƙaunar Kabira.

Nasiha ce ta fara zuwa da kwali. Takalmi ne ruwan zinare, mai duwatsu, ɗan siriri.

"Ya Hajja, ga bikin Tahani ya matso. Uwar amarya da shibshib ɗin maza? Wallahi abin kunya ne gare mu duka. Ke fa ƙafarki ba babba ba ce, takalman ne ke faɗaɗa ta."

Kabira ba yarinya ba ce, ta gane sarai inda aka dosa. Amma tunda uwarta ta haife ta ba wanda ya taɓa ce mata ƙafarta ba babba ba ce. Ta shige ɗaki ta gwada. Da man zaitun da salati ƙafar ta shiga, ta tsaya gaban madubi ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji ba.

Ranar biki ta sa shi tun daga walima har aka kai amarya. Matan layin suka yi ta zuga ta.

"Mashallah, kamar don ke aka yi! Gobe ma da shi za ki fito ko, Yaya Kabira?"

Ta ce in sha Allahu, hawaye na zubo mata. Kowa ya ɗauka na rabuwa da 'ya ne.

Da safe motar Mukhtaru ta iso shaƙe da ƙananan kifi, don tuni wata ta raɗa masa cewa ma'auni zai ragu. Mata suka yi layi da robobinsu suna murmushi. Can sai ga Kabira ta ɓullo tana ɗingishi, ɗanta Abdulrazak na riƙe da ita. Ƙafafun sun kumbura sun yi suntum, ko tsohon silifas ɗinta ya ƙi shiga. Takalmin aikin Abdulrazak ta zura, wanda yake sawa wajen gini, wani ƙato kamar kwale-kwale.

Nasiha ta ce, "Ya Hajja, ina na jiya?"

"Yana gida. Ba na ƙafata muka ce ba?"

Ta zare shi da ƙyar ta aza a bakin mota. Ta gwada kifi ɗaya bayan ɗaya, har wanda a makon jiya zai wuce yau ya faɗi. Ko ɗaya bai tsira ba, har da rabonta. Ranar ba a hura wuta a layin ba.

Mukhtaru ya koma gefe ya kira masunta yana kumfar baki.

"Ku ajiye ragar nan mai ƙananan ido! Tayyib, na ji, amma ni ba zan sake ɗauko su ba. Matar nan ƙafarta girma take yi!"

Kabira ta zauna a kan robar Nasiha tana matsa diddige. Zafi take ji har cikin kanta, ga haushin kanta na yadda kwali ɗaya ya kusa sayar da kaskon Tahani. Ta ɗago ta dubi matan.

"Nasiha, Allah ya saka da alheri. Akwai sunan jikar maƙwabciyarmu Shatu ranar Juma'a, takalmin nan naki zan sake sawa."

Nasiha ta dafe kai.

"Don girman Allah, Yaya Kabira, ki ba ni abina."